Ɗaki Don Mai Ɗaki

Shekara talatin ina ɗora tubali a Tawa.
Daga Bilbis har Gweben Zogi
babu layin da bai san tafin hannuna ba,
amma ban taɓa yi wa mai yawo da ɗakinsa gini ba
sai bana.

Agali ne ya kawo shi a aljihun riga
daga dajin Abalak, ya ce tsintuwa ce a bakin rami.
Girmansa bai wuce murfin gwangwani ba.
Jikata Tsahara ta ce nata ne,
ta raɗa masa suna Sannu-Sannu,
ta ajiye shi cikin robar wanki a ƙarƙashin gado,
tana gutsura masa daga kwanonta:
shinkafa da mai, ɓawon burodi, har da fura.
So ne ya yi yawa.

Sati uku, ya daina fito da kai.
Ido ya kumbura kamar waken da ya kwana a ruwa,
hanci na tsatso ƴar kumfa.
Na danna bayansa da babban yatsa,
sai ya lotsa,
kamar ginin da aka yi wa rowar siminti.
Na san wannan laushin.
Na san abin da ke biyo bayansa.

Likitan dabbobi, wani siriri, Ishau,
ya juya shi a tafi, ya daɗe bai tanka ba.
Can ya ce: Baba, ba allura yake nema ba,
rana yake nema, da ƙasa.
Kun kwantar da ɗan daji a kan santsi,
ƙafa na laluben abin tonawa, ba ta samu.
Ku ba shi ciyawa, ku riƙe tuwonku.

Na dawo na auna bayan ɗakin girki,
taku huɗu a tsaye, uku a kwance,
inda hantsi ke fara sauka
kuma inuwar bedi ke rufewa kafin azahar.
Jeri biyu na tubali, ban bar kafa ba,
na nutsa gindin a ƙasa, don na ji labarin farcensa.
Yashin ƙorama na cakuɗa da jar ƙasa.
Tukunyar Habsu da ta fashe bara,
wadda ta hana a zubar,
na kife rabinta, ta zama kogo.
Raga a sama, don shirwa ba ta san na gida ba,
gafiya kuwa da dare take zagayenta.
Ruwa a murfin kwano, iya haɓarsa:
ga wanda bai iya iyo ba, ludayi ma kogi ne.

Tsahara ta karɓi aikin safe.
Yakuwa, ɗan zogale, ciyawar bakin tabkin Babaye,
ɓawon ƙwai ta daka a turmin da ta wanke sau uku,
ta barbaɗa kamar gishiri.
Ta zaunar da shi a ruwa mai ɗumi kafin ta tafi lakwal,
tana tsugune, tana ƙirga kumfar hancinsa.
Jiya biyu.
Yau babu.

Ban ce ya warke ba.
Bayan bai yi tauri ba tukuna;
siminti ma sai an yi masa ban-ruwa kwana bakwai,
nasa kuwa sai watanni.
Amma ɗazu na tarar da rami a kusurwar gabas,
ƙasa a watse ta ko'ina,
aikin leburan da bai jira umarni ba.

Ishau ya ce in ya rayu zai fi turmi nauyi,
zai ga jikokin Tsahara.
Na tsaya da cokalin gini a hannu ina lissafi:
katangar nan za ta yi masa kaɗan,
kuma mai faɗaɗa ta ba ni ba ne.

Sai na kira yarinyar,
na nuna mata yadda ake riƙe igiyar awo.